Yadda Ake Ƙawata Hoto a Waya da Kwamfuta Ba Tare da An Ɓata Fatar Mai Shi Ba

Hasken Jos ba ya raga wa kyamarar waya. Garin na bisa tsauni, sama da mita 1,200 daga matakin teku, ranar tsaka na da kaifi, inuwarta kuma baƙa ƙirin. Daga Nuwamba har cikin Fabrairu hazon hunturu kan rufe duwatsu, hoto ya fito fari fat babu armashi. Da damina kuwa hadari na iya sauya hasken gari tun ba ka gama jera mutane ba. Shi ya sa da yawanmu da mun ɗauki hoto sai mu garzaya wajen filta, mu danna wadda ta fi ɗaukar ido, mu tura. Sama ta yi kyau, ganye ya yi kore shar, amma fuskar mai hoton ta koma toka-toka, ko ta yi jawur, ko a haskake ta har 'yan gidansu sai sun ƙura ido kafin su shaida ta.

Ina son ado a hoto, kuma ina yin sa. Sai dai yana da jeri: a gyara hoton tukuna, a ɗora masa ado guda ɗaya, sannan a janye adon daga fatar mutum gwargwadon buƙata. Ba a shafa hoda a fuskar da ba a wanke ba.

Kayan aiki

A waya ka sauke Snapseed. Ta Google ce tun 2012, lokacin da ya sayi kamfanin Nik Software da ya ƙirƙiro ta. Kyauta ce, ba talla, ba ta buga tambarinta a jikin hotonka, kuma da zarar ta sauka ba sai da data take aiki ba. Lightroom ta Adobe ma tana da kyau, sai dai wasu sassanta sai an biya. A kwamfuta akwai GIMP, ita ma kyauta, tun tsakiyar shekarun 1990 ake amfani da ita, kuma fitowarta ta 3.0 a watan Maris na 2025 ta ba da damar a koma a sauya filta bayan an ɗora ta. Wanda ba ya son sauke komai, Photopea na aiki a intanet kai tsaye, tsarinta kusan irin na Photoshop. Ita Photoshop kuɗin wata-wata ake biya. Mai situdiyo zai iya mayar da kuɗinsa, mai koyo kuwa bai buƙace ta yanzu ba. Sunayen maɓallai zan rubuta su yadda suke a allo don ka same su. Mazauninsu kan ɗan motsa idan an sabunta manhaja, amma aikinsu bai sauya ba.

Kafin ka taɓa hoton

Ka nemi asalin hoton. Idan wani ne ya ɗauka, ka ce ya turo maka ta WhatsApp a matsayin Document, domin idan aka turo shi yadda aka saba, manhajar na matse shi ta rage girmansa, kuma abin da ta zubar ba ya dawowa. Haka nan hoton JPG duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa sai ya ɗan rage inganci. Don haka asali ya zauna a wurinsa, kwafi ake yi wa aiki.

Sai allon wayarka. Ka sa haskensa a tsakiya, ka kashe tsarin kare ido da ke mayar da allo rawaya da dare, ka kuma shiga inuwa. Wanda ya tace hoto a tsakar rana da allo a ƙure zai ga komai daidai, sai an buɗe a wata waya a tarar hoton ya yi duhu.

Gyaran farko: miƙewa, haske, launi

Ka buɗe hoton a Snapseed ka shiga Tools. Fara da Rotate ka miƙe shi. Ka duba wani abu da ka san a miƙe yake, kamar bakin ruwa, ƙofa ko hasumiyar masallaci. Sai Crop, ka yanke abin da ba ya ƙara komai. Ledar da ta faɗo cikin hoto ko wayar wuta da ta ratsa sama, Healing na share su idan ka zuƙo hoton sosai ka riƙa taɓawa kaɗan-kaɗan.

Yanzu ka shiga Tune Image. Ja yatsa sama ko ƙasa don zaɓen abin da za ka gyara, hagu ko dama don ragewa ko ƙarawa. Jerin da nake bi ya saɓa wa yadda aka tsara su a allon. Na farko Highlights, wato wuraren da suka fi haske: ka rage zuwa tsakanin -30 da -50. Ma'auninka shi ne farar shadda. Idan aikin wuyan babbar riga ya fara bayyana, zare na fita, to ka iso. Idan ka rage har ƙarshe wurin ya tsaya fari fat, rana ta riga ta ƙone shi tun wajen ɗauka, babu manhajar da za ta dawo da shi, kada ka ɓata lokaci. Na biyu Shadows, wato inuwa: ka ɗaga +20 zuwa +40 har idanu su fito daga ƙarƙashin hula ko gyale. Kada ka wuce haka sosai, musamman a hoton dare, don tsaki-tsaki na ɓoye a cikin duhu, ɗagawa na tono shi. Bayan waɗannan biyun ne za ka taɓa Brightness idan da buƙata, sai Contrast, wato tazarar haske da duhu, a ƙarshe, ɗan kaɗan.

Akwai ɗan zane mai kamar tsaunuka da ke fitowa a ƙasan allo, yana nuna yadda haske ya rarrabu a hoton: hagu duhu, dama haske. Idan ya dunƙule ya manne da bangon dama, fari ya ƙone. Idan da na hagu ne, baƙi ya toshe. Ka saba kallonsa, ya fi allon waya faɗin gaskiya.

Sai launin haske. Ƙwan lantarki irin na da yana ba da haske mai rawaya, wajen digiri 2,700 zuwa 3,000 a ma'aunin Kelvin. Hasken rana wajen 5,500. Inuwar gini a buɗaɗɗen fili kan kai 7,000 ko fiye, shi ya sa take bayar da shuɗi-shuɗi. Idonmu na daidaita wannan da kansa, kyamara kuwa cinta take yi, wani lokaci ta dace wani lokaci ta kuskure. Ka shiga White Balance, ka ɗauki alamar ɗigo, ka ɗora ta a kan abin da ka tabbata fari ne ko ruwan toka a zahiri: farar hula, farin mayafi, farantin tangaram. Hoton kamu a cikin falo shi ne mai wuya, inda ƙwan silin ke ba da launi ɗaya, taga na ba da wani, fitilar mai bidiyo na ba da na uku. A nan ba za ka daidaita ko'ina ba. Ka zaɓi farin da ya fi kusa da fuskar amarya, sauran ɗakin ya bi.

Ka danna hoton ka riƙe, zai nuna maka yadda yake tun farko. Idan ka saki ka ga ya yi kama da abin da idonka ya gani a wurin, gyara ya ƙare. Yanzu ne ado zai fara.

Hazon hunturu

A ce ka hau duwatsun Shere a watan Disamba, ko ka tsaya a Riyom ka ɗauki duwatsun nan da suka ɗoru a kan juna, hoton ya fito dishi-dishi. Hanya biyu ce.

Ko dai ka kore hazon. A Lightroom akwai Dehaze, +20 zuwa +35 ya isa. A Snapseed kuwa, ka shiga Curves. Za ka ga layi ya taso daga kusurwar ƙasa ta hagu zuwa ta sama a dama. Ƙasan layin duhu ne, samansa haske. Hazo na nufin babu baƙi na gaskiya a hoton, don haka ka kama ɗigon ƙasa ka ja shi zuwa dama har inda zanen tsaunukan ya fara tashi. Nan take dutsen zai yi nauyi. Ka ƙara Structure a cikin Details, +15 zuwa +25, tsagogin dutse su fito.

Ko kuma ka bar hazon ka ƙawata shi, kuma ni wannan na fi so, domin shi ne kamannin garin a wannan lokaci. Tsaunukan da suka jeru, na kusa mai duhu, na baya mai haske, na can ƙurya ya kusa ɓacewa, wannan jerin shi ke ba hoto zurfi. Ka ƙara Warmth +15 a Tune Image hazon ya koma ruwan zinariya, ka rage Saturation, wato ƙarfin launi, -10, sannan ka shiga Selective, ka ɗora ɗigo a kan dutse ko bishiyar da ke gaba, ka rage mata haske ka ƙara mata Contrast ita kaɗai. Idan ka tsuke ko ka ware yatsu biyu, jan launi zai nuna maka iyakar inda gyaran ya shafa.

Akwai filtocin HDR Scape da Drama, su ma ana yawan danna su a irin wannan hoto. Idan za ka taɓa su, ka rage ƙarfin zuwa ƙasa da 25. Alamar an wuce gona da iri ita ce farin zobe da ke zagaye gefen dutse inda ya haɗu da sama.

Launin fim, da maganar fata

Wannan ne adon da aka fi nema a hotunan kafin aure: inuwa ta karkata zuwa shuɗi mai ratsin kore, haske ya karkata zuwa ruwan lemo, baƙi ya ɗan dushe. Yin sa ba wuya. A Curves ka zaɓi layin Blue. Ka ɗaga ɗigon ƙasa sama kaɗan, shuɗi ya shiga inuwa. Ka sauke ɗigon sama ƙasa kaɗan, rawaya ta shiga haske, domin rage shuɗi ƙara rawaya ne. Ka koma layin Red ka ɗan sauke shi a ɓangaren duhu. Sai babban layin RGB, mai haɗa ja, kore da shuɗi: ɗigo ɗaya a kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasa ka ɗan sauke, wani a kashi ɗaya cikin huɗu na sama ka ɗan ɗaga, layin ya yi siffar harafin S mara lanƙwasa sosai. In kana son dushewar nan ta tsohon fim, ka ɗaga ɗigon can ƙasa kaɗan. Kowane motsi ya zama ƙarami. Abin da ka ga kamar bai isa ba, yawanci ya isa.

Ga inda matsalar take, kuma ita ce dalilin da filtoci da yawa ba sa karɓar mu. Filta ba ta san fuska ba, haske da duhu kawai ta sani. Farar fata na zaune a saman layin nan, cikin ɓangaren haske, don haka ruwan lemon ne ke sauka a kanta, ta yi kyau. Fatar baƙi da ta wankan tarwaɗa kuwa na zaune a tsakiya zuwa ƙasa, daidai inda aka zuba shuɗi aka kuma dusar da baƙi. Sai filtar ta ɗauki kuncin ango a matsayin inuwa. Toka-tokar da kake gani ke nan. Ba laifin fuskar ba ne, ba kuma laifin wayarka ba ne. Abin ya daɗe: katin da Kodak ya riƙa raba wa wuraren wanke hoto tun shekarun 1950 don daidaita launi, wanda ake kira katin Shirley, hoton Baturiya ne a jiki, sai a shekarun 1990 aka fito da mai ɗauke da mata masu launin fata iri-iri.

Da mutum ya ga fuskar ta yi toka, abin da ya fi zuwa masa shi ne ya ƙara haske. Daga nan ake samun amaryar da fuskarta fara, hannunta mai lalle kuma baƙi. Wannan yana damuna ƙwarai. Yarinya ta ga hoton aurenta ya fi ta haske, kowa na yabawa, me aka koya mata game da fatarta? Maganin na gaskiya shi ne a cire adon daga fatar, a bar ta da launinta.

A Snapseed ga yadda ake yi. Bayan ka amince da Curves ɗin, ka taɓa alamar da ke saman allo mai kamar takardu a jere da kibiya, ka zaɓi View edits. Duk matakan da ka bi za su jeru. Ka taɓa Curves, ka zaɓi alamar buroshi. Hoton zai buɗe ba tare da adon ba. Ka danna alamar juyawa don adon ya rufe hoton baki ɗaya, ka kunna alamar ido ka ga jan launi a duk inda adon yake. Yanzu ka sauke lambar buroshin zuwa 25, ka zuƙo hoton, ka shafa a fuska, wuya, kunne, hannuwa da ƙafa idan ta fito. Girman buroshin na bin zuƙowa ne: ƙara zuƙowa, ƙara sirancewa. Na ce 25 ban ce sifili ba, domin idan ka cire adon gaba ɗaya mutum zai fito kamar an yanko shi daga wani hoto an liƙa. Ɗan ragowar ne ke haɗa shi da wurin da yake tsaye. Kada ka manta hannu. A nan ake gane aikin gaggawa.

Idan fuskar na buƙatar fitowa, ka yi amfani da Selective: Brightness +10 zuwa +15, Saturation +5, shi ke nan. Abin da ke sa baƙar fata ta yi kyau a hoto sheƙin goshi da karan hanci da kunci ne, tare da zurfin launin da ke kewaye da su. Idan ka goge sheƙin ko ka daidaita ko'ina, fuskar ta zama shafaffiya. Saboda haka a Portrait kada Skin Smoothing ya wuce 15 zuwa 20, kuma Structure da HDR kada su kusanci fuska ko kaɗan, don suna tono kowane ƙurji. Ƙurjin da zai baje cikin mako guda ka share shi da Healing. Zane na gado, tabon sallah da wushirya kuwa na mai su ne, sai in shi ya ce a taɓa.

Mai aiki a kwamfuta yana da ma'auni mai lamba. Ka ɗora alamar ɗigo a kunci, inda ba sheƙi ba inuwa, ka karanta lambobi uku. A fatar mutum kowane iri, cikin haske daidaitacce, ja ne ke sama, kore a tsakiya, shuɗi a ƙasa. Idan shuɗi ya kamo kore, fatar ta yi toka. Idan kore ya matso kusa da ja, ta yi kamar mara lafiya.

Baƙi da fari, da kamannin tsohon hoto

Akwai hotunan da launi ke raba wa hankali, sai an cire shi ake ganin su. Fuskar dattijo, hannun maƙeri, ko gine-ginen ƙasa da ke gidan adana fasahar ginin gargajiya kusa da gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. Zanen bangon nan da inuwar da ke faɗawa cikinsa da yamma ba sa buƙatar launi.

Kada ka sauke Saturation zuwa ƙarshe ka ce an gama. Hoton zai fito lami. Ka shiga Black & White, ka taɓa alamar tace launi. Ja na baƙanta shuɗin sama, gajimare ya fito fili, yana kuma haskaka jar ƙasa da fatar mutum. Rawaya na yin haka a hankali. Kore na haskaka ganye. Shuɗi na duhunta fata ya tono duk wani layi a fuska, don haka ka kiyaye shi a hoton mata. Ga gini da sama ina zaɓen ja, ga fuska kuma rawaya ko ruwan lemo. Ka ƙara Grain, wato tsaki-tsakin fim, 10 zuwa 20. In kana son ruwan ƙasa-ƙasan nan na hotunan albam ɗin iyayenmu, bayan ka mayar da shi baƙi da fari ka koma White Balance ka ƙara ɗumi kaɗan. Sai Vignette ya ɗan duhunta gefuna, kamar -25, ka ja tsakiyarsa ya zauna a kan abin da kake son a kalla. Idan mai kallo ya lura da duhun gefen, ya yi yawa.

Launi ɗaya a cikin baƙi da fari dabarar buroshin nan ce dai. Ka ɗauki kwandon tumatir da attaruhu a kasuwar Farin Gada, ka mayar da hoton baƙi da fari, ka shiga View edits, ka juya, ka sa buroshi a sifili ka shafa kan tumatir kaɗai. Yana ɗaukar ido, amma sau ɗaya a albam ya wadatar.

Tunda an zo kasuwa: mai sayar da atamfa, leshi ko shadda ta intanet ya tsaya a gyaran farko, kada ya ɗora ado ko ɗaya a kan hajar. Mace ta zaɓi anko ruwan hoda a waya a kawo mata ruwan goro, algus ne ko da ba a yi niyya ba. Haka hoton fasfo, na katin ɗan ƙasa da na rajistar jarrabawa, da duk hoton da za a kafa hujja da shi ko a ba da labari.

Laushin haske, a kwamfuta

Wannan adon sunan Michael Orton yake ɗauke da shi, mai hoto ɗan Kanada da a shekarun 1980 ya riƙa haɗa fim biyu na wuri ɗaya, ɗaya tar ɗaya dishi-dishi, hoton ya fito da wani laushi kamar haske na tsatsowa daga cikinsa. Yana karɓar tafkunan da haƙar kuza ta bari a wajajen Rayfield da Bukuru idan rana ta yi sanyi, ko ruwan Assop da damina. Da shi ne kuma za ka koyi leya, wato falle-fallen da ake ɗorawa a kan hoto, kowanne da aikinsa, ana iya cire shi ba tare da an taɓa na ƙasa ba.

Ka buɗe hoton a GIMP. Ka kwafi leyar da Shift da Ctrl da D. A Photopea ko Photoshop Ctrl da J ne. A kan kwafin ka shiga Filters, Blur, Gaussian Blur. Hoto mai faɗin fiksel 4,000 (fiksel su ne ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto) zai ɗauki 15 zuwa 25. Komai zai dushe, kada ka damu. A akwatin leyoyi akwai Mode, wanda ke faɗa wa leyar sama yadda za ta gauraya da ta ƙasa. Screen na haskakawa, Multiply na duhuntawa, Overlay da Soft light na ƙara tazarar haske da duhu, na biyun a hankali. Ka zaɓi Soft light idan hoton na da haske, Screen idan yana da ɗan duhu. Sai Opacity, wato ƙarfin leyar, ka sauke shi zuwa tsakanin 20 da 35 cikin ɗari.

Daga nan ka danna leyar da maɓallin dama, ka zaɓi Add Layer Mask, fari. Ƙa'idar guda ce: fari na bayyana leyar, baƙi na ɓoye ta. Ka ɗauki buroshi mai laushin baki, launi baƙi, ka shafa a kan idanu, fuska, da dutse ko ciyawar da ke gaba, su dawo tar, laushin ya tsaya a ruwa da sama. In ka zarce, ka juya zuwa fari ka mayar. Ka adana aikin a matsayin XCF a GIMP, ko PSD a sauran, don leyoyin su zauna. Wanda za ka tura kuma ka fitar da shi ta Export As. A waya Glamour Glow na yin kwatankwacin wannan, ka riƙe shi ƙasa da 30.

Haɗa hoto biyu a ɗaya ma da irin wannan dabarar ake yin sa. Ka ɗauki mutum ta gefe, bayansa farar sama, shi ya yi duhu. A Double Exposure na Snapseed ka ɗora hoton duwatsu ko rassan bishiya ka zaɓi Lighten: hoton na biyu zai cika duhun jikinsa, farar saman ta zauna yadda take. Ka share shi daga ido da hanci da buroshi. Lens Blur kuma, mai dusar da baya, ka tsaya ƙasa da 30 ka duba gefen gyale da ƙasan ƙafa, don nan yake tona kansa.

Fitarwa da wankewa

Kafin ka fitar, ka ajiye wayar ka yi wani abu na minti goma. Ido na sabawa da launi da sauri. In ka dawo za ka ga abin da ya yi yawa, ka koma View edits ka rage. In hotunan biki ɗaya ne, ka adana salon a ƙarshen jerin Looks, wato shiryayyun filtocin Snapseed, ka ɗora wa sauran don albam ya tafi bai ɗaya, amma buroshin fata sai ka sake shi a kowane hoto.

A Settings na Snapseed ka sa ingancin JPG a 95 ko 100, ka hana ta rage girma. Na Instagram ka yanke 4:5, wato fiksel 1,080 a 1,350. Na status 9:16. In za ka tura ta WhatsApp don kallo kawai, ka danna HD, wanda aka ƙaro a 2023. In don wankewa ne, sai Document. Hoton matar aure ko na 'yar wani kuwa, a tambaye su kafin a saka a ko'ina, kyansa bai zama izini ba.

Wajen wankewa lissafin fiksel 300 ne a kowane inci. Inci 5 a 7 na son 1,500 a 2,100. Inci 8 a 10 na son 2,400 a 3,000. Wayar da ke ɗaukar 4,000 a 3,000 za ta ba ka har wajen inci 13 a 10 tar, kuma babban firem na bango na jure ƙasa da 300 tunda daga nesa ake kallonsa. Siffar hoton waya 4:3 ce, ta takardar 8 a 10 kuma 5:4, don haka ka yanke da kanka tun a gida, in ba haka ba injin zai yanke inda ya ga dama, sau da yawa saman hula ko ɗaurin ɗankwali.

Allo haske yake fitarwa, takarda kuwa sai wanda ya sauka a kanta, shi ya sa hoton da aka wanke kan fi duhu, kuma a inuwa da baƙar fata abin ya fi nunawa. Ka yi kwafi na musamman don wankewa, ka ƙara masa Brightness +10 da Shadows +10. Ka roƙi mai injin ya kashe gyaran launin da injin ke yi da kansa, don kada ya warware aikinka. Sannan ka fara wanke ƙarami guda ɗaya, ka fito da shi waje ka duba fuskar a hasken rana cikin inuwa. Idan launin fatar ya yi daidai da na mai ita, a buga babban. Idan ya yi duhu, ka ƙara biyar-biyar ka sake gwadawa.